Yadda Ɗalibin Likitanci a Birtaniya Zai Tsara Shekarar Ƙarin Digiri

Shekarar ƙarin digiri ita ce wadda ɗalibin likitanci ke ɗauka a tsakiyar kwas ɗinsa ya yi wani digiri na daban, galibi haɗe da bincike. A jami'o'in Oxford, Cambridge da Imperial wannan shekarar dole ce, shi ya sa kwas ɗinsu shekara 6 ne. A yawancin sauran makarantu, kai za ka nema, galibi bayan aji 2, 3 ko 4.

Fara da lissafin kuɗi, domin ɗalibin ƙetare zai biya kuɗin makaranta na shekarar cif. Kada ka shiga don neman maki: tun 2023 aka daina ƙirga ƙarin digiri wajen rabon aikin farko na likitoci.

Samu malamin da zai duba bincikenka da wuri. Izinin kwamitin ɗa'a, mai amincewa da bincike kafin a fara shi, kan ɗauki watanni, nan mutane da yawa ke maƙalewa. A riƙa leƙa asibiti jefi-jefi, kada hannu ya manta ɗibar jini.