Ma'aikaci Mai Ciwon Damuwa da Dokar Ƙwadago: Kurakuran da Aka Fi Yi

A yawancin wuraren aiki a Najeriya, idan ma'aikaci ya kamu da ciwon damuwa ko wata lalura ta ƙwaƙwalwa, ko dai ya yi ta ɓoyewa har aiki ya lalace a hannunsa a sallame shi, ko kuma ya faɗa wa oga da safe, kafin azahar kowa a ofis ya ji. Duka biyun doka ta yi magana a kansu. Matsalar ita ce daga ma'aikacin har mai kamfanin da wuya ka samu wanda ya taɓa buɗe dokar.

A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa. Ita ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, wadda asalinta daga dokar Turawan mulkin mallaka ce ta 1916, lokacin da abin da hukuma ta sani game da mai taɓin hankali bai wuce ta tsare shi ba. Sabuwar dokar ta shigo har cikin ofis. Ta hana a sallami mutum ko a danne masa haƙƙinsa don kawai yana da lalurar ƙwaƙwalwa, ko ya taɓa yin ta, ko yana cikin karɓar magani. Ta kuma ce idan mai aiki ya ga lalurar ta kai ga taɓa aikin ma'aikacinsa, ya taimaka masa ya ga likita. Wannan kariya ce ta gaske, amma mutane na zubar da ita da hannunsu.

Ɓacewa babu takarda

Wannan ne kuskuren da ya fi cin mutane, don haka zan daɗe a kansa. A ce malamar makaranta mai zaman kanta ce. Barci ya ƙaurace mata, abinci ba ya shiga, da safe sai ta zauna a bakin gado da hijabi a hannu, ta kasa miƙewa. Gida suka ce iska ce ko sammu, aka tafi da ita ƙauye wajen ruƙiyya. Wayarta a kashe. Bayan mako uku ta dawo da ɗan sauƙi, ta tarar an ba wata ajinta, a fayil ɗinta kuma an rubuta cewa ta gudu daga aiki. Idan magana ta kai gaban alƙali, makarantar za ta ce ba ta san da wata rashin lafiya ba, an sallame ta ne don ta daina zuwa. Kuma a takarda gaskiyarsu ce.

Ba na cikin masu cewa a bar addu'a. A yi ruƙiyya, a yi sadaka, amma a haɗa da asibiti, domin doka ba ta san shaidar malami ba, takardar likita mai rajista ta sani. Dokar Ƙwadago ta ba ma'aikaci hutun rashin lafiya da albashi har kwana 12 na aiki a shekara, muddin likita ya tabbatar. Ba ta ce sai zazzaɓi ko karaya ba. Ciwon damuwa ciwo ne kamar kowane.

Gyaran ba shi da wahala. A ga likita tun a kwanakin farko. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Dawanau a Kano, da na Maiduguri, asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Wanda ke gudun a gan shi a can ya fara da babban asibiti mafi kusa, likitan ma yana iya ba shi takardar hutu. A roƙi likita ya rubuta cewa mutum ba shi da lafiya kuma yana buƙatar hutun kwana kaza, ba lallai sai ya ambaci sunan ciwon ba. A ɗauki hoton takardar kafin a miƙa ta. Idan mara lafiyar ba zai iya ba, mijinta ko yayansa ya tura saƙo a rubuce, ko da ta WhatsApp ne, mai ɗauke da ranar da aka tura. Kiran waya iska ke tafiya da shi.

Akwai wani tarko a nan. Kwana 12 ɗin nan ba kowa ya shafa ba. Dokar Ƙwadago ta fi karkata ga masu aikin ƙarfi da ƙananan ma'aikatan ofis, ta cire manajoji da masu aikin gudanarwa da ƙwararru daga ma'anar ma'aikaci a cikinta. Waɗannan abin da ke cikin takardar ɗaukar aikinsu da kundin ƙa'idojin kamfani shi ne haƙƙinsu, ma'aikatan gwamnati kuma suna da nasu kundin. Shi ya sa zama shekara da shekaru a wurin aiki babu takardar ɗaukar aiki ganganci ne. Doka ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa. Ka nema tun kana lafiya, tun ana dariya da kai.

"Rubuta ka ajiye da kanka, don a rufa maka asiri"

Haka ake faɗa, da taushin murya, wani lokacin ma da kyakkyawar niyya. A kira mutum ofis, a ce, "Malam, ka ga halin da kake ciki. Maimakon a ce an kore ka, rubuta ka ajiye, mu rabu lafiya." Shi kuma a gajiye yake, kunya ta rufe shi, abin da yake so kawai ya fita daga ɗakin. Sai ya ce, "To, ranka ya daɗe," ya sa hannu.

Da wannan sa hannun ya sauƙaƙa wa kamfani komai, domin wanda ya ajiye aiki da kansa zai sha wahala kafin ya nuna an kore shi saboda lalura. Gaskiya ne Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana ɗaukar murabus ɗin dole a matsayin kora, amma sai ka kawo hujjar cewa an tilasta maka, kuma a wannan ɗakin ku biyu ne kawai. Kada a sa hannu a ranar. A ce, "Yallaɓai, a ba ni lokaci in yi shawara da gida." A karɓi takardar a tafi da ita, a nuna wa lauya ko wakilin ƙungiyar ƙwadago. Mutumin da ke tsakiyar ciwon damuwa yana ganin komai ya ƙare, kuma hukuncin da ya yanke a wannan hali sau da yawa shi ne wanda zai yi nadama a kansa bayan magani ya kama shi.

Ta ɓangaren masu ɗaukar aiki

Mai kamfani yakan ce, "Ai na biya shi kuɗin notis, me ya rage?" Notis ɗin kansa yana da ma'auni a doka: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya zuwa ƙasa da shekara biyu, mako biyu zuwa ƙasa da shekara biyar, wata ɗaya daga shekara biyar zuwa sama. Da can wannan kan wadatar, mai aiki yana sallama ba tare da ya faɗi dalili ba. Amma tun gyaran tsarin mulki na 2010, wanda ya ba Kotun Ma'aikata ikon duba yadda ake yi a duniya, kotun ta sha tambayar dalilin sallama. Idan ya fito fili cewa an sallami mutum mako guda bayan ya kawo takarda daga asibitin ƙwaƙwalwa, kuɗin notis ba zai wanke kamfanin ba. Ga kuma dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a 2019, ta haɗa da lalurar ƙwaƙwalwa mai daɗewa, ta kuma tanadi tarar naira miliyan ɗaya ga kamfanin da ya nuna bambanci.

Wannan ba ya nufin dole ka riƙe mutum har abada ko da ba ya iya komai. A yi wa mai kamfani adalci, shi ma albashi yake biya daga ciniki. Abin da ake nema shi ne ya nuna ya gwada. Ya zauna da ma'aikacin, ya tura shi ganin likita, ya duba abin da za a iya sassautawa. Direban da maganinsa ke sa shi barci a mayar da shi sito na ɗan lokaci. Nas ɗin da aikin dare ke tayar mata da ciwo a bar ta a na rana. A ba mutum safiyar ranar da yake ganin likita. Yawancin waɗannan ko kwabo ba sa ci. A rubuta abin da aka yi da ranar da za a sake dubawa, kowa ya riƙe kwafi. Ita ma takardar tuhuma kada ta zama abin farko da za a jefa wa wanda aka san shi da ƙwazo ya fara makara kwatsam. A fara da tambayar ko lafiya.

Sai tonon asiri, wanda a ganina ya fi korar muni. Ma'aikaciya ta faɗa wa shugabarta a ɓoye, shugabar ta faɗa wa sakatare "don a riƙa lallaɓa ta", gobe a zauren WhatsApp na ofis wani ya rubuta a sa wance a addu'a, kanta ya ɗan taɓu. A al'ummarmu wannan magana ba ta tsayawa a ofis. Tana iya kai wa ga fasa aure, tana bin ƙannenta ma. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanin lafiyar mutum cikin bayanai masu tsananin sirri. Takardar likita ba ta zama a fayil ɗin da kowane masinja ke ɗauka daga tebur zuwa tebur. Wanda ya kamata ya sani shi ne wanda zai yanke hukunci kan hutun, kuma ko shi abin da yake buƙata shi ne tsawon hutun da irin aikin da mutum zai iya yi.

Oga kuma ba likita ba ne. Kada ya ce wa mutum rashin tawakkali ne, kada ya ba shi shawarar ya bar ƙwayoyin asibiti. Idan ma'aikaci ya furta cewa ya gaji da rayuwa ko yana tunanin kashe kansa, wannan ba maganar fayil ba ce, a kira ɗan'uwansa a kai shi asibiti a ranar.

Diyyar da ake bari a ƙasa

Kaɗan ne suka san cewa Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ware sashe guda, na 8, kan damuwar da aiki ya jawo. Hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, wato NSITF, ce ke riƙe da asusun diyyar, mai ɗaukar aiki ne ke zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimlar albashin da yake biya duk wata, kuma an hana shi cire wannan kuɗi daga albashin ma'aikaci. Sashen ya shafi wanda wani mummunan abu ya auka masa kwatsam a bakin aiki, kamar direban kamfani da 'yan bindiga suka tare a hanya, ko mai sayar da mai da aka ɗora wa bindiga a ka, ya koma ko ƙarar ƙofa ya ji sai jikinsa ya ɗauki rawa. Ya shafi wanda likita ya tabbatar yanayin aikinsa ne ya jawo masa ciwon. Har ma ya ambaci inda mai aiki ya sauya tsarin aiki ya ɗora wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa, irin a sallami mutum uku a tara aikinsu a kan ɗaya.

Inda ake faɗuwa shi ne wa'adi. Ma'aikaci zai sanar da mai aikinsa cikin kwana 14, mai aikin ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7, neman diyyar kuma a shigar da shi cikin shekara ɗaya, sai in akwai uzuri na musamman. Mu kuwa bayan irin wannan tsautsayi jaje ake yi, a ce Allah ya tsare gaba, kamfani ya ba da ɗan kuɗin magani, magana ta mutu. Sai bayan wata takwas, da mutum ya kasa komawa kan sitiyari, a fara neman takardu. A sanar a rubuce tun a makon farko ko da ana ganin an tsira lafiya, domin irin wannan ciwon yakan jinkirta kafin ya bayyana. A kuma tambayi kamfani ko yana zuba kuɗin nan, don akwai masu noƙewa.

Wani abin da ke ba ni haushi shi ne kamfanin da zai kira taron bita a otal ranar 10 ga Oktoba, Ranar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Duniya, a raba riguna da lemo, alhali ana bin sa albashin wata uku kuma babu mai tashi kafin isha'i. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa damuwa da fargaba na cinye ranakun aiki biliyan 12 a duniya duk shekara, kuma shawarar da ta bayar tare da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 2022 ta fara ne daga gyara aikin kansa. Dokarmu ta riga ta faɗi mafi ƙaranci: hutun awa ɗaya ga wanda ya yi awa shida ko fiye, yini guda cikin kowane bakwai, da hutun shekara na aƙalla kwana 6 na aiki bayan wata 12. Najeriya ta kuma amince da yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 190 kan hana cin zarafi a wurin aiki a 2022, don haka ogan da ke zagin ma'aikata a gaban kwastoma ba zai ce halinsa ne kawai ba.

Idan abin ya riga ya lalace, an sallame ka ko an tilasta maka ajiyewa, tattara takardar ɗaukar aiki, takardun albashi, na likita da duk saƙonnin da kuka yi da ofis kafin a cire ka daga zaure ko a rufe maka imel. Fara da ƙungiyarku idan kuna da ita, ko ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharku, suna yin sulhu. In ya ƙi, Kotun Ma'aikata tana da rassa a Kano da Kaduna da Abuja da wasu garuruwan. A ga lauya da wuri, domin wasu ƙararrakin suna da wa'adin da in ya wuce kotu ba za ta saurare su ba.