Kurakuran da muke yi da yaranmu masu buƙata ta musamman

Duk ranar da na kai ɗana gashi, wato motsa masa gaɓoɓi a asibiti, sai na tarar da wata uwa a kan benci, goye da yaro ɗan shekara 4, wuyansa na lilo, kuma wai yau ne zuwansu na farko. Na gaji da gani, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Jira shi ne ya ci ni. Ɗana yana da kwana 3 a duniya shawara ta kama shi, idanu suka koma ruwan ɗorawa. Aka ce a shanya shi a hantsi, a ɗura masa ruwan gulukos. Kayansa kuma suna cikin akwati da kafur, ban san kafur na tsananta shawara ga wasu jarirai ba. Sai da ya ƙi nono ya fara banƙarewa muka ruga asibiti, aka sa shi a ƙarƙashin shuɗiyar fitila, amma ta riga ta taɓa ƙwaƙwalwa.

Jira na biyu ya fi ƙona min rai, don ido biyu na yi shi. Wata 6 bai tsayar da wuya ba, wata 10 bai zauna ba. Surukata ta ce, "Ke dai kin cika gajen haƙuri, ubansa ma sai da ya shekara biyu ya taka." Kunya ta sa na ce, "To, Hajiya." Wata maƙwabciya ta raɗa min wai ɗan ruwa ne. Muka yi hayaƙi, muka sha rubutu, muka zaga ƙauyuka. Ban raina addu'a ba, har gobe ina tofa masa, amma ba ita ta ce kar a je asibiti ba. Sai da ya shekara 2 da rabi aka fara gashi, lokacin jijiyoyin ƙafarsa sun ɗaure. Shekarun nan 3 na farko kuwa su ne icce ke ɗanye, ƙwaƙwalwa na saurin koyo.

Ma'aunina ke nan: wata 4 babu tsayar da wuya, wata 9 babu zama, wata 18 babu tafiya, shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba, ɗauke shi ki tafi. Akwai sashen gashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa nan Bauchi, mutanen Gombe kuma ga Asibitin Koyarwa na Tarayya.

Sai masu zuwa gashi su koma gida su naɗe hannu. Haba, jama'a! Ma'aikacin nan rabin awa yake ganin yaronki a mako, sauran kwanakin wa kika bar wa? Daga baya ki ce kin yi wata 3 ba ki ga canji ba, kin daina ɓarnar kuɗin keke. Ni da izininsa nake ɗaukar bidiyon yadda yake miƙar da ƙafar. Bayan asuba da bayan la'asar in shimfiɗa tabarma, in kifa yaron a kan naɗaɗɗen tawul, in riƙa buga murfin tukunya a gabansa har ya ɗago kai. Zama kuwa a bahon wanki ya koye shi, da filo biyu a gefe. Maza, ku ma da ku nake. Minti 10 ba zai hana ku zuwa majalisa ba.

Ƙananan kurakuran kuwa ba su ƙirguwa. Keken koyon tafiya ni na kyautar da nawa, ɗage yake sa shi yi. Kar a ɗura masa kunu yana kwance, ƙwarewa zai yi ya zarce huhu. Wanda bai yi magana ba kar a ce nauyin baki ne a kai shi wurin wanzami, a fara gwada kunnensa, musamman idan ya taɓa yin sanƙarau. Jaririn da aka haifa da karkatacciyar ƙafa a kai shi tun a makonnin farko, siminti ake sa masa ana canzawa duk mako. Waya kuma ba ta koyar da magana, bakinki ne ke koyarwa.

A daina kulle su a ɗaki ranar suna ko biki. Nawa a tsakar gida nake ajiye bahonsa, cikin 'yan'uwansa, kuma a nan ya fara miƙa hannu, garin ƙwace ƙosai a hannun yayarsa.