Kurakuran da masu ziyarar yini ɗaya suke yi a Sossusvlei da yadda ake kauce musu

Sossusvlei, wani fako a hamadar Namib, tana cikin gandun Namib-Naukluft na ƙasar Namibiya, a tsakiyar tuddan yashin da hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren gado na duniya a 2013. Baƙi da yawa suna shiga ne tare da jagora su fito a ranar, kuma yawancin abin da ke ɓata irin wannan tafiya yana faruwa ne saboda an tsara ta ba tare da lissafin zafin rana ba.

Babban kuskure shi ne kwana nesa da ƙofa. Daga Windhoek zuwa Sesriem, inda mashigar gandun take, tafiyar kusan awa biyar ce, galibinta a kan hanyar tsakuwa, don haka wanda ya ce zai taso daga babban birnin ya dawo a rana guda zai ƙare yininsa ne a cikin mota. Ƙofar waje ba ta buɗewa sai rana ta fito, ta ciki kuwa ana buɗe ta awa ɗaya kafin nan ga waɗanda suka kwana a cikin gandun. Bayan an shiga, akwai kwalta ta kilomita 60 wadda ba a yarda a wuce gudun kilomita 60 a awa a kanta ba, wato wata awar ta tafi ke nan. Gyaran shi ne a kwana a Sesriem ko kusa da ita, kuma a tambayi kamfanin yawon buɗe ido da aka yi ciniki da shi lokacin da motarsa take isa ƙofa, domin lokacin da za a ɗauki mutum daga masauki ba ya nuna komai.

Sai kuma kwaɗayin hawa kowane tudu. Tudun da ake kira Dune 45, saboda yana kilomita 45 daga Sesriem, shi ne mota take fara tsayawa a kansa, kuma nan ne mutane da yawa suke ƙarar da ƙarfinsu. Hawan yashi yana da yaudara: ƙafa tana nutsewa har idon sawu, kowane taku uku sai guda ya zame baya, ƙirji yana bugawa tun ba a kai rabi ba. Wanda ya gama da wannan, sannan ya tunkari tudun Big Daddy mai tsawon kimanin mita 325, zai sauko Deadvlei, fakon da ke gindinsa, ne rana tana tsaka, lokacin da farin fakon yake kashe ido. A ganina, tudu ɗaya ya isa. A faɗa wa jagora wanda aka zaɓa tun a mota, kuma a riƙa taka sawun waɗanda suka riga hawa a kan ƙoƙuwar tudun, inda yashin ya ɗan danƙare.

Mutanenmu na Sahel suna da nasu kuskuren, wato ganin cewa wanda ya saba da zafin Afrilu a Sakkwato ko Agadas ba ya buƙatar gargaɗi. Namibiya tana kudu da tsakiyar duniya, saboda haka zafinta yana tsananta ne daga Disamba zuwa Fabrairu, a watannin Yuni da Yuli kuwa sanyin asuba a buɗaɗɗiyar mota yana sa haƙora kaɗawa. Silifas ma ba su da amfani a nan, domin kafin hantsi ya dubi ludayi yashin ya fara ƙona tafin ƙafa, alhali daga inda mota take tsayawa zuwa Deadvlei tafiyar sama da kilomita ɗaya ce a ƙasa, ba tare da inuwa ba. Takalmi sau-ciki, rigar sanyi da za a iya tuɓewa, da ruwa a hannun mutum maimakon a cikin mota, su ne maganin. Mai sallah ya ware ruwan alwala daban da na sha, ya kuma sanar da kamfanin tun kafin ranar irin naman da ba ya ci.

Kwalta tana ƙarewa saura kimanin kilomita biyar a kai Sossusvlei, sauran kuma yashi ne mai zurfi wanda sai mota mai jan taya huɗu da aka rage wa iska take ratsawa. A tabbatar tun wajen biyan kuɗi ko farashin ya haɗa da wannan zangon da kuma takardar izinin shiga.

A Deadvlei, baƙaƙen itatuwa dangin bagaruwa da ke tsaye a fakon sun mutu ɗaruruwan shekaru da suka wuce, bushewar wurin ce ta hana su ruɓewa. Jingina da su ko hawa kansu domin ɗaukar hoto yana karya abin da ba zai sake tsirowa ba, kuma an hana taɓa su. Haka nan ba a tashin ƙaramin jirgi marar matuƙi a gandun sai da izini, ba a kuma matsa wa direba ya sauka daga hanya don ya matso kusa da jimina ko mariri.

Kwazazzabon Sesriem, wanda kogin Tsauchab ya haƙa har zurfin kimanin mita 30, ya fi dacewa a bar shi zuwa kan hanyar dawowa saboda inuwarsa. Idan an yi ruwa a tsaunukan Naukluft, a bi maganar jagora kafin a sauka ciki, a kuma lissafa fita kafin faɗuwar rana, domin a lokacin ake rufe ƙofar waje.