Yadda Ake Nazarin Dokar Biranen Mafaka a Littafi Mai Tsarki

Wanda yake son ya fahimci hukuncin da Shari'ar Musa ta tanadar wa mutumin da ya yi kisa bisa kuskure, to, ya ajiye wurare uku a gabansa: Littafin Ƙidaya sura 35, Maimaitawar Shari'a sura 19, da Joshuwa sura 20. Shawarata ita ce kada ka fara da haddar sunayen biranen mafaka, wato biranen da aka keɓe domin irin wannan mutum ya gudu ya tsira, domin ba za su zauna maka ba sai ka san abin da yake kai mutum cikinsu.

Ka fara da misalin da ke Maimaitawar Shari'a. Mutum biyu sun shiga jeji saran itace, ɗaya ya ɗaga gatari, sai ruwan gatarin ya fice daga ƙota ya sami abokin tafiyarsa, ya faɗi matacce, alhali babu wata gaba a tsakaninsu tun da can. Ka riƙe wannan mai gatari, ka bi shi sawu da ƙafa. A bayansa akwai ɗan'uwan mamacin, mai bin hakkin jini, wanda zuciyarsa take tafasa, shi ya sa aka umarta a gyara hanyoyi, kada nisan tafiya ya sa a cim masa kafin ya isa birnin mafaka.

Daga nan sai ka ɗauki taswira. Kedesh, Shekem da Hebron suna yammacin Kogin Urdun, Bezer, Ramot ta Gileyad da Golan kuwa suna gabas, kuma duka shida suna cikin birane 48 da aka ba Lawiyawa, kabilar Isra'ila da aka keɓe don hidimar ibada. Baƙo ma yana da ikon gudu can kamar ɗan ƙasa.

Inda ya kamata ka fi daɗewa shi ne ƙofar birni, domin a nan masu karatu da yawa suke ɗauka cewa wanda ya shiga ya tsira ke nan. Sai ya tsaya ya faɗa wa dattawa abin da ya faru kafin su ba shi wurin zama, daga baya kuma ya gurfana gaban taron jama'a. Ka fitar da tambayoyin shari'ar da kanka daga Littafin Ƙidaya: da ƙarfe ya buge shi, ko da dutse, ko da makamin itace? Akwai ƙiyayya? Ya yi masa kwanton ɓauna? Idan gangancin ya tabbata, dattawan garinsu za su aika a ɗauko shi a miƙa wa mai bin hakkin jini, ba a karɓar diyya a madadin ransa, sai dai kuma ba a kashe kowa bisa bakin shaida ɗaya.

Idan kuwa kuskure ne, ana mayar da shi birnin, kuma a ganina wannan ne sashen da ya fi nauyi, tunda mutumin da ba shi da niyyar kisa zai rabu da gidansa da gonarsa. Ya kuskura ya ƙetare iyakar birnin aka same shi, mai bin hakkin jini ba shi da alhaki idan ya kashe shi, kuma kuɗi ba ya gajarta zaman. Ka ja layi a ƙarƙashin aya ta 28 ta sura 35 a Littafin Ƙidaya, inda aka nuna cewa sai babban firist ya rasu mai gatari zai koma ƙasar gādonsa.