Kurakuran da ɗaliban nazarin fim suka fi yi, da yadda za a gyara su

Da yawa daga cikin ɗaliban da aka ce su yi nazarin fim, labarin fim ɗin suke maimaitawa. Wane ya auri wance, mahaifiyarsa ta ƙi amincewa, daga baya asiri ya tonu. Takarda ta cika, amma ko sau ɗaya ba a ambaci kyamara ba. Labari kuwa ana samunsa a littafi, ana samunsa a wasan rediyo. Aikin mai nazarin fim shi ne ya nuna yadda hoto da sauti suka sa mai kallo ya ji abin da ya ji. Don haka ka zaɓi fitowa ɗaya da ba ta wuce minti biyu ba, ka yi ta tsayar da ita, kana rubuta inda aka ajiye kyamara, da wanda aka haska, da wurin da aka yanke hoto.

Wanda ya tsallake wannan matakin sai ya faɗa ramin hadda. An gaya masa cewa idan aka ɗauki hoton mutum daga ƙasa, ana nuna iko ne, shi ke nan duk inda ya ga haka sai ya rubuta "iko". A fim ɗin Citizen Kane na Orson Welles, wanda ya fito a 1941, an sauke kyamara har ƙasan daɓe a fitowar da ta biyo bayan faɗuwar jarumin a zaɓe. Mutum ya cika allo, ga tsawo ga girma, alhali a lokacin ne ya sha kaye, amininsa na gaya masa gaskiya mai ɗaci. Haka ma launi. Ja a Indiya kayan amarya ne, fari kuma na makoki. A wurinmu fari na iya zama kaftanin Juma'a, yana iya zama likkafani. Kafin ka ba wata dabara ma'ana, duba abin da ya zo kafinta da abin da ya biyo bayanta.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne mantawa da mai tace hoto, wato wanda ke yanka hotuna yana jera su. Ɗalibi zai yi ta yabon jarumi, wai ya iya nuna baƙin ciki, bai lura cewa fuskar ko motsi ba ta yi ba. Fiye da shekara 100 da suka wuce, wani mai shirya fim a Rasha, Lev Kuleshov, ya ɗauko hoton fuskar wani ɗan wasa, Ivan Mozzhukhin, ya haɗa ta da kwanon miya, sannan da yarinya a akwatin gawa, sannan da wata mata a kishingiɗe. An ruwaito cewa masu kallo sun ga yunwa, sun ga alhini, sun ga sha'awa, fuskar kuwa ɗaya ce ba ta canza ba. Saboda haka idan ka ji zuciyarka ta karaya a wata fitowa, koma baya ka ga hoton da aka liƙa kusa da fuskar. Ka ƙirga daƙiƙa nawa kowane hoto ya yi. Yankan da ke zuwa da sauri yana tayar da hankali, hoton da aka bari ya daɗe yana hana ka kawar da kai.

Sai kuma sauti, wanda wasu ke kashewa da jimla ɗaya, "kiɗan ya yi daɗi". Ka kalli fitowar ba sauti, sannan ka rufe ido ka saurare ta. Ka rarrabe abin da mutanen cikin fim ke ji, kamar kiran salla ko ƙarar babur a waje, da kiɗan da kai kaɗai aka sa wa. Nan ne masu nazarin finafinan Kannywood ke tafka asara, domin da an zo waƙa sai su wuce ta, wai ado ce kawai. Sau da yawa a cikin waƙar ne saurayi da budurwa ke furta abin da kunya ta hana su faɗa a gaban iyaye. Tambayi kanka me ya sa waƙar ta zo a daidai nan, kuma me ya sauya a labarin bayan ta ƙare.

Akwai kuma wuce gona da iri. Ba kowane duhu ne ke nufin makirci ba, wani lokaci kayan haske ne suka yi ƙaranci a wurin ɗauka. Kafin ka rubuta "darakta yana nufin kaza", nemi dabarar a wasu wurare cikin fim ɗin. Idan duk shigowar kishiya sai an bar rabin fuskarta a inuwa, ka sami hujja. Ka rubuta mintin da hakan ya faru a kowane wuri, yadda malaminka zai iya komawa ya gani da idonsa.