Kurakuran da aka fi yi wajen ɗaga fatar hoton Polaroid zuwa wata shimfiɗa

Launin hoton nan take, irin na Polaroid, yana zaune ne cikin wata fata ta jelatin, siririya kamar ɓawon albasa. Ita ake jiƙawa a ɗaga, a shimfiɗa kan takardar zane, katako ko gilashi. Yawancin ɓarnar tun kafin a taɓa ruwa take farawa, wajen zaɓen hoto.

Wani zai ɗauko hoton da aka wanke masa a situdiyo ya tsunduma cikin ruwan zafi, ya yi ta jira. Waccan takardar lulluɓe take da leda, fatarta ba ta sakuwa haka. Wanda ya dace shi ne fim ɗin ɓarewa biyu, irin Polaroid 669 ko Fujifilm FP-100C. Sai dai Polaroid ya daina fitar da nasa a 2008, Fujifilm ma ya bi sahu a 2016, shi ya sa yau aka fi amfani da i-Type da 600, wato fim ɗin Polaroid mai fitowa a haɗe cikin farin gefe.

Kowanne da halinsa, nan ne mutane ke ruɗewa. 669 sai ya kwana ya bushe sarai, sannan a sa shi a ruwa mai zafin kusan digiri 70 na 'yan mintuna. Shi kuwa i-Type gara a ɓare shi yana sabo; in ya yi makonni, fatar kan manne ƙam. A yanke farin gefen da almakashi, a sa safar hannu saboda sinadarin cikinsa yana cin fatar hannu, a jiƙa da ruwan ɗumi kawai.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ganin ana jan fatar da yatsa. Yagewa za ta yi! Burushi mai laushi ake bi da shi daga gefe, a hankali, tana cikin ruwa. Da ta saku a mayar da ita ruwan sanyi, a zura takardar ƙarƙashinta, a ɗago su tare. Farar hodar da ke manne a bayan fatar i-Type a share ta tukuna, in ba haka ba hoton zai dushe kan gilashi.

Fatar FP-100C ba ta kama takarda da kanta, sai an shafa gam ɗin akirilik na masu zane. Busarwa kuma a inuwa, a kwance. Rana ko na'urar busar da gashi kan sa ta tsage.