Yadda ake ɗaure notin taya ba tare da an wuce gona da iri ba

Masu faci da yawa a Legas, daga Agege har Mile 12, sai ka ga sun zura wa sifana dogon bututu sun hau kai suna tsalle wai don noti ya kamu. Wallahi ɓarna ce, haka ake cinye zaren kusa ko a lanƙwasa faifan birki, ranar da taya ta yi maka faci a gadar Third Mainland kuma ka rasa yadda za ka kwance.

To ga yadda ake yi. Da farko ka ja birkin hannu, ka sa dutse a bayan taya. Motar na kan jak, ka goge kusoshin, kar ka shafa musu giris ko baƙin mai.

Sai ka saka kowane noti da yatsunka, in ya ƙi shiga da sauƙi to ya hau zare a karkace, fito da shi ka sake.

Bayan nan ka ɗan matse su da sifana, amma ba bi da bi ba, ka ɗaure wannan ka tsallaka na gabansa, kamar kana zana tauraro, don tayar ta zauna daidai.

Sauke jak, sannan ka yi ɗaurin ƙarshe. In kana da sifana mai awo (ana samu a kasuwar kayan mota ta Ladipo) ka saita ta yadda littafin motarka ya ce, Corolla dai 103 Nm ne (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), da sifanar ta yi ƙas ka tsaya, kar ka ƙara.

In ka yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100 ka sake duba su.